Digirin Aikin Jinya Na Gajeren Zango: Tambayoyin Da Masu Nema Daga Bauchi Da Gombe Suka Fi Yi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ake ta maimaitawa a bakin mutane iri biyu: waɗanda suka yi wani digiri, suka gama hidimar ƙasa, suka ga aiki ya ƙi samuwa har suka fara tunanin komawa aikin jinya, da kuma ma'aikatan jinya masu rijista da suke asibitocin Bauchi, Azare, Gombe ko Kaltungo, suna son ɗaga takardarsu zuwa digiri. An sa wa kowace tambaya lamba domin a ji daɗin komawa gare ta idan wata amsa ta yi nuni da ita.

1. Mene ne digirin jinya na gajeren zango, kuma daga ina ya samo asali?

Tsari ne da ya fi ƙarfi a Amurka, inda Jami'ar Saint Louis ta fara shi a 1971. Ana ɗaukar wanda ya riga ya mallaki digirin farko a wani fanni daban, a koya masa aikin jinya cikin wata 12 zuwa 18, maimakon shekara 4 da ɗalibin da ya fito daga sakandare yake yi a can. Ingila ma tana da makamancinsa, wato digiri na biyu na shekara 2 wanda ke kai mutum ga rijista, haka nan wasu jami'o'in Kanada, kamar ta Toronto, suna da na shekara 2.

Abin da ya kamata a fahimta tun farko shi ne, kwanaki aka rage, ba a rage karatun ba. Ana yafe wa ɗalibi darussan share fage saboda ya yi su a digirinsa na farko, ana soke dogon hutu, sannan a cusa sauran a jere ba numfashi. A Ingila, alal misali, hukumar da ke rijistar ma'aikatan jinya ta tsayar da awa 4,600 na horo, rabinsu horo ne a aikace, kuma mai gajeren zango ma sai lissafinsa ya kai wannan adadi, da abin da aka ƙirga masa na baya da wanda zai yi a makarantar.

2. A nan Najeriya akwai wanda ake gamawa cikin shekara ɗaya ko ɗaya da rabi?

Tsarin jami'o'inmu ba haka yake ba. Digirin kimiyyar jinya, wanda ake kira BNSc, shekara 5 ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB ta gama-gari. Gajeriyar hanyar da aka sani ita ce shiga kai tsaye, wadda ɗalibai ke kira DE, inda ake sa mutum a aji na 2 ya yi shekara 4. Ta wannan ƙofa masu wani digiri suke bi, ta nan kuma masu rijistar jinya suke bi, sai dai su suna da ƙarin damar karatu daga nesa wadda aka yi bayaninta a tambaya ta 5.

Saboda haka duk wanda ya ce zai ba ka digirin jinya a wata 12 a cikin ƙasar nan, ko a wata makaranta da ke tsallaken iyaka, ka riƙe kuɗinka tukuna ka karanta amsa ta gaba.

3. Ta yaya zan gane makarantar da takardarta za ta ba ni damar yin aiki?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita aka fi tsallakewa. Digiri shi kaɗai ba ya mayar da mutum nas. Lasisi ne ke yin wannan, kuma Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, wadda dokar 1979 ta kafa, ita kaɗai ke bayar da shi. Idan jami'a ce, dole kwas ɗin ya samu amincewar hukuma biyu: Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fuskar digirin, da NMCN ta fuskar sana'ar. Samun ɗaya ba ya wadatarwa, kuma amincewa da jami'a gaba ɗayanta ba shi ne amincewa da sashen jinyarta ba.

Bayan wannan akwai wani abu da sai wanda ya shiga ciki yake saninsa. Majalisar tana ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, kuma tana shigar da sunan kowane ɗalibi cikin kundinta ta ba shi lamba. Wanda bai samu wannan lamba ba, ba zai zauna jarrabawar majalisa ba, ko da shi ne na ɗaya a ajinsu. Makarantar da aka ba gurbi 50 ta kwashi mutum 200 ta riga ta jefa 150 cikin tsaka mai wuya. Don haka kafin ka biya ko sisi, ka duba sunan makarantar a jerin da majalisar ke fitarwa a shafinta na intanet, sannan ka nemi wani ɗalibi na ajin ƙarshe ka tambaye shi kai tsaye: "An ba ku lambar majalisa? 'Yan ajin da suka gabace ku sun rubuta jarrabawa?" Amsarsa ta fi duk wata takardar talla da za a miƙa maka a ofis.

Ba tsoratarwa ba ce. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin jami'o'in Jamhuriyar Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sayi digiri a Kwatano cikin 'yan makonni. A Amurka ma, a Janairun 2023, hukumomi sun bankaɗo wasu makarantu a jihar Florida da suka sayar da takardun jinya na bogi sama da 7,600. Araha ba ta ado, kuma a wannan sana'a rayukan mutane ake miƙa wa mai takardar.

4. Ina da digiri a fannin kimiyya. Me ake bukata daga gare ni idan zan shiga kai tsaye?

Abu na farko ba digirin ba ne, sakamakon sakandare ne: kiredit 5 a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, daga WAEC ko NECO, a zama ɗaya ko biyu, wasu jami'o'in ma zama ɗaya kawai suke karɓa. Fiziks shi ke kayar da mutane da yawa, musamman waɗanda suka yi digiri a fannin da bai matsa a kansa ba. Idan naka bai cika ba, ka sake zama jarrabawar tun kafin a fara sayar da fom, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga nan sai ka sayi fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB da lambarka ta NIN, ka nemi tsohuwar jami'arka ta aika da cikakken sakamakonka zuwa wadda kake nema, kuma wannan aikawa ita ce ke cin lokaci, don haka da ita ake farawa. Kowace jami'a tana da irin digirin da take karɓa da matakin da take so, kuma galibi sun fi karkata ga fannonin da suka kusanci lafiya, irin su ilimin ƙirar jiki, ilimin aikin gaɓoɓi, bayokemistiri da ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta. Guraben shiga kai tsaye kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da masu nema. Tsofaffin sassan jinya da ke kusa da mu suna Jami'ar Maiduguri, Jami'ar Bayero ta Kano, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Jos, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a Azare a 2021. Ko wacce ka zaɓa, ka auna ta da ma'aunin tambaya ta 3 a shekarar da kake nema, domin amincewar hukuma tana da wa'adi.

5. Ni nas ce mai rijista, ina aiki a asibitin gwamnati. Dole sai na ajiye aiki?

Ba dole ba ne. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, tana ba masu rijista digirin jinya, kuma tana da cibiyoyin karatu a Bauchi da Gombe. Cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello ma tana yin haka. A irin wannan tsari kina karatu ta waya ko kwamfuta, ki halarci jarrabawa da horon asibiti a lokutan da aka tsayar. Sharaɗinsa lasisi mai rai, don haka ki sabunta naki kafin ki nema.

Idan kuma karatun cikakken lokaci kike so, sai ki nemi hutun karatu ta hannun shugabar sashen jinya zuwa hukumar da ta ɗauke ki aiki, kuma ki jira takardar amincewa a rubuce kafin ki bar bakin aiki. Alkawarin baki na wani babba ba ya hana a tsayar da albashi. Galibi za a sa ki rattaba hannu cewa za ki dawo ki yi wa hukumar aiki na wasu shekaru. Ko da karatun nesa za ki yi, ki sanar a rubuce, domin takardar da aka samo ba da izini ba kan sha wahala wajen ƙarin girma.

6. Ba gara in shiga kwalejin jinya ba?

Ga wasu, gara hakan. Makarantun jinya da a da ake yin shekara 3 a cikinsu sun koma tsarin kwaleji mai difloma ta ƙasa da babbar difloma, shekara 2 kowace, kuma akwai su a Bauchi da Gombe, na jiha da na asibitocin koyarwa. Amma ga wanda ya riga ya riƙe digiri, shekara 4 a kwaleji da shekara 4 a jami'a tsawonsu ɗaya, ga shi digiri ne ke buɗe ƙofar digiri na biyu da koyarwa a jami'a. Amfanin kwaleji shi ne kusa da gida, sauƙin kuɗi, da yawan zama a ɗakin marasa lafiya tun da wuri.

7. Idan na zaɓi fita waje, daga ina zan fara?

Ga Amurka, ana farawa ne da darussan sharaɗi, waɗanda dole a gama su kafin a shiga: ƙirar jiki da aikin gaɓoɓi kashi biyu, ƙananan ƙwayoyin halitta, kemistiri, ƙididdiga, abinci mai gina jiki, da ilimin girman ɗan Adam tun daga jariri har tsufa. Makarantu da yawa ba sa karɓar darasin kimiyyar da ya daɗe da yawa, kuma wannan shi ke mayar da "shekara ɗaya" ta zama biyu ko fiye. Za a so wata hukumar tantance takardu, irin su WES, ta juya sakamakonka zuwa ma'auninsu, inda mafi yawa ke neman maki 3.0 cikin 4.0. Wasu suna ƙara jarrabawar shiga mai suna TEAS ko HESI, da ta Turanci, da wasiƙun shaida daga malamai, da taƙaitaccen rubutu kan dalilinka na barin fanninka na farko. A wannan rubutu, labarin abin da ka gani da idonka, misali watannin da ka yi kana jinyar mahaifinka, ya fi kalmomin son taimakon al'umma da kowa ke rubutawa. Ka tabbatar makarantar tana da amincewar CCNE ko ACEN, wato hukumomin da ke tantance karatun jinya a Amurka, kuma tana ɗaukar ɗaliban ƙetare, domin da yawa daga masu koyarwa ta intanet ba sa iya ba da takardar neman biza. Tun daga 2025 Amurka ta tsaurara ba 'yan Najeriya biza, har da ta ɗalibai, saboda haka wannan ne abin da za a fara bincika kafin a kashe kuɗi a kan sauran.

Ingila kuwa takan nemi shaidar cewa ka taɓa yin aikin kula da marasa lafiya na ɗaruruwan awanni, da sa hannun wanda ya kula da kai. Mai iyali ya sani cewa tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na aji, wato wanda ba na bincike ba, ba ya tafiya da mata ko miji da 'ya'ya.

8. Nawa zan tanada?

Kuɗin makaranta a waje dubban daloli ne masu yawa, kuma ɗan ƙetare ba ya cikin rancen gwamnatin Amurka. Kafin a ba ka takardar neman biza sai ka nuna kuɗin shekara guda na karatu da zama. A gida kuwa, abin da ke cin aljihu ba kuɗin rijistar zango kaɗai ba ne. Akwai inifom da takalmi, abin auna bugun zuciya da na hawan jini, kuɗin lambar majalisa da na jarrabawarta, da kuɗin Keke Napep ko acaɓa kullum zuwa asibiti, wani lokaci har da haya idan an tura ku asibitin masu taɓin hankali ko ƙauye. Ka yi lissafin shekarun gaba ɗaya tare da wanda zai ɗauki nauyinka, ba na zangon farko kaɗai ba, ka kuma ƙara wani abu saboda yajin aiki, wanda kan tsawaita karatu a jami'o'in gwamnati.

9. Zan iya haɗa shi da aiki ko kasuwanci?

A shirin wata 12 zuwa 18, makarantun da kansu suke ba da shawarar kada a yi, kuma bizar ɗalibi a Amurka da Ingila ba ta yarda a wuce awa 20 a mako lokacin karatu ba. A gida, shago ko sana'ar da wani zai iya tsare maka tana yiwuwa. Aikin da ke son ganin fuskarka kullum da safe ba zai haɗu da zuwa asibiti ba, sai dai tsarin tambaya ta 5.

10. Yaya zaman asibiti yake ga ɗalibi?

Kafin ƙarfe 8 ana tsaye a ɗakin marasa lafiya ana karɓar aiki daga masu kwana, gado bayan gado: wane ne ya kwana da zazzaɓi, wa aka ƙara wa jini, wa za a shiga da shi tiyata. Daga nan sai gyaran gadaje, awon zafin jiki da bugun jini da numfashi, wanke ciwo, juya wanda ba ya iya juyawa don kada bayansa ya yi gyambo. Kana cikin rubuta awo sai ka ji an taɓa ka: "Malam nas, ruwan Baba ya ƙare." Mai jinya bai san kai ɗalibi ba ne, farin kaya ya gani. Daidai nan ake gane mai hankali, wato wanda zai rufe robar ya je ya kira nas ɗin da ke kan aiki, ba wanda zai ɗauko wata leda ya rataya don kada a ce bai iya ba.

Kowane ɗalibi yana da littafin da ake sa masa hannu a kan duk aikin da ya yi a gaban malami, kuma wanda ya bari sai ƙarshen zango yake bin mutane su sa masa hannu ya cuci kansa. Wanda ya zo da digiri, wataƙila da aure da 'ya'ya, yakan ji nauyi idan yarinyar da ya girma ta aike shi ya zubar da fo. A ɗakin marasa lafiya ita ce babba, kuma a hannunta sana'ar take. Wani abin da littafi ba ya koyarwa shi ne mayar da Turancin likita zuwa harshen majiyyaci. Idan aka rubuta magani kowane awa 8, tsohuwar da ta zo daga Dukku ko Ningi ta fi riƙe "bayan asuba, bayan azahar, sai lokacin kwanciya", kuma ɗalibin da ke jin Fulatanci ko Tangale ko Tera yana da abin da ya fi maki.

11. Karatun ya yi mini yawa. Wace dabara ce ke aiki?

Hadda ta daren jarrabawa, wadda ta fitar da mutane da yawa a digirin farko, ba ta aiki a nan, domin kowane darasi a kan na jiya yake zaune. Wanda bai fahimci yadda ƙoda ke tace jini ba, ba zai gane dalilin da ya sa ake lura da fitsarin mai shan wasu magungunan hawan jini ba. Abin da ya fi amfani shi ne bitar darasi a ranar da aka yi shi, amsa tsofaffin tambayoyi kullum ko da 20 ne, da ƙungiyar mutum 3 ko 4 da kowa zai koyar da sauran wani babi. A haɗa magunguna dangi-dangi maimakon ɗaya-ɗaya. Tambayoyin jinya sukan kawo amsoshi huɗu da duk suke da kamar daidai, a ce wanne za ka fara yi, kuma ƙa'idar ita ce hanyar iska, sai numfashi, sai gudun jini.

Lissafin magani kuwa sai an zauna da biro. Ga misali: an rubuta a ƙara wa majiyyaci ruwa mililita 500 cikin awa 4, robar kuma tana ba da ɗigo 20 a kowace mililita. Za ka ninka 500 sau 20, ka samu 10,000, ka raba da minti 240, ya ba ka kusan ɗigo 42 a minti. Sai ka tsaya da agogo ka ƙirga. Wanda ya yi irin wannan sau ɗari a gida ba ya rawar hannu a bakin gado.

12. Ina da aure da yara ƙanana. Zai yiwu?

Yana yiwuwa, mata da yawa sun yi, amma ba da ƙarfin mutum ɗaya ba. A zauna da maigida tun kafin sayen fom a faɗi gaskiyar abin da ke ciki: akwai aikin kwana, akwai makonnin da za a tura ki wani gari, akwai kula da majiyyata maza. Abin da aka ɓoye a farko shi ke zama rigima a aji na 3. A tsayar da wadda za ta riƙe yara, a kuma tsayar da ta biyu saboda ranar da ta farko ba ta da lafiya. Biki da suna da yawa za su wuce ki, don haka gara surukai su ji dalili daga bakin ɗansu.

Idan ciki ya samu, ki sanar da mai kula da ajinku da wuri, domin kwanakin asibitin da aka rasa sai an rama su kafin a gabatar da sunanki ga majalisa. Idan azumi ya faɗo a kan aikin asibiti, musamman a zafin Maris da Afrilu, mafi yawa sun fi samun karatu bayan sahur fiye da bayan tarawihi.

13. Ina tsoron ɗaukar cuta a asibiti.

Tsoron yana da tushe, kuma yana da magani. Ka yi rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin ka fara shiga ɗakin marasa lafiya. Allura 3 ce: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Kada ka mayar da murfin allurar da aka yi amfani da ita, a akwatinta ake jefa ta. Idan ta soke ka, ka wanke wurin da ruwa da sabulu, ka faɗa wa shugabar ɗaki nan take, domin maganin kariya daga cutar HIV a cikin awa 72 ake fara shi, kuma gwargwadon sauri gwargwadon amfaninsa. Bauchi tana cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi kamari, musamman da rani, saboda haka zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro abin sa safar hannu ne da sanar da na gaba.

14. Idan na faɗi wani darasi fa?

A jami'o'inmu akan ɗauke shi zuwa shekara ta gaba, amma wasu darussan idan aka faɗi sai an maimaita aji. A shirin gajeren zango na waje abin ya fi tsanani, domin makin tsira yana da tsawo, darasin kuma ba ya dawowa sai tare da 'yan ajin da ke biye, kuma makarantu da yawa suna sallamar wanda ya faɗi sau biyu. Ka karanta littafin dokokin sashe a makon farko, ka je wurin malami bayan gwajin farko da ya ba ka kashi, ba bayan na ƙarshe ba.

15. Bayan an gama, me ya rage kafin in fara aiki?

A gida, ɗalibin digiri yana rubuta jarrabawar majalisa a shekarunsa na ƙarshe. Ta jinya ana yin ta a Mayu da Nuwamba, ta ungozoma a Maris da Satumba, kuma kowace tana da ɓangaren kwamfuta da ɓangaren gwajin aiki, inda ake zagaya tebur-tebur ana yin abin da aka umarta cikin 'yan mintuna. Bayan digiri akwai horon sanin makamar aiki na shekara 1 a asibitin da aka amince da shi, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, sannan hidimar ƙasa ga wanda bai taɓa yi ba kuma bai haura shekara 30 ba. Wanda ya yi ta bayan digirinsa na farko ba ya maimaitawa.

Wanda ya yi karatu a Amurka sai ya ci jarrabawar NCLEX, wato jarrabawar neman lasisin jinya ta can, kafin wata jiha ta ba shi lasisi. Idan ya dawo gida, lasisin can ba ya ba shi damar taɓa majiyyaci a Bauchi ko Gombe, sai ya miƙa takardunsa ga NMCN, ya yi horon daidaitawa a makarantar da majalisar ta tura shi, ya kuma ci jarrabawarta ta waɗanda suka yi karatu a ƙetare.